Tsoffin Kuɗaɗe da Kufai: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Masana Suka Fara Nazarinsu

Tun kafin jami'o'i su buɗe sassan binciken kufai, tun kafin a ƙirƙiro na'urar auna shekarun ƙashi da gawayi a wajejen 1949, akwai mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu suna juya tsohuwar tsaba a tafin hannu, suna kwafe rubutun da ke jikin duwatsu. A cikinsu akwai malaman addini da likitoci da fatake, akwai kuma attajirai masu son a ce suna da abin da wani ba shi da shi. Tambayoyin nan a kansu suke, da kuma yadda sha'awa ta rikiɗe ta zama ilimi mai ƙa'ida.

Me ya haɗa nazarin tsabar kuɗi da binciken kufai?

A yau fannoni biyu ne, kowanne da malamansa. A da kuwa mutum ɗaya ke yin duka biyun. Wanda ke tara dinaren Rumawa shi ne ke kwafar rubutun kaburbura, shi ne kuma ke auna ginshiƙan rusasshen haikali. Daga ƙarni na 15 zuwa na 18 a Turai ana bambanta irin waɗannan mutane da marubuta tarihi. Marubucin tarihi yana bin sarakuna da yaƙe-yaƙe shekara bayan shekara, abin dogararsa littattafan magabata. Mai nazarin kayan da kuwa yana tambayar abin da littattafan ba su kula da shi ba: da me ake awo, nawa ake biyan soja, ina ƙofar gari take, wane gunki ake yi wa yanka a wane wata.

A kan tsaba suka fara koyon sana'ar. A nan suka saba da jera abu bisa zamaninsa, da rarrabe na gaske da jabu, da ƙin yarda da abin da ido bai gani ba. Daga baya ne aka ɗauki waɗannan dabaru aka ɗora su a kan tukwane da makamai da gine-gine.

Wa ya fara wannan aiki?

Ya danganta da abin da ake kira farawa. Nabonidus, sarkin Babila na ƙarshe, wanda ya yi mulki daga 556 zuwa 539 kafin Miladiyya, ya sa an tona harsashin haikalin da ke Sippar har aka tarar da rubutun wani tsohon sarki, Naram-Sin. Ya ƙiyasta cewa shekara 3,200 ke tsakaninsu. Ya zarce da yawa, don tazarar ba ta wuce 1,700 ba, amma dai ya yi tambayar da ta dace. A Rum kuma an rawaito cewa Kaisar Augustus yakan raba tsoffin kuɗaɗen sarakuna da na ƙasashen waje a matsayin kyauta lokacin biki.

A Turai galibi ana farawa da mawaƙin Italiya Francesco Petrarca, wanda ya rasu a 1374. Shi da kansa ya ba da labarin yadda masu noman inabi a Rum ke kawo masa tsabar da garma ta tono, wasu don su sayar, wasu don ya faɗa musu fuskar wane sarki ce. A 1354, da ya gana da sarki Charles na Huɗu a Mantua, sai ya miƙa masa wasu daga ciki, har da mai ɗauke da fuskar Augustus, don ya yi koyi da magabatansa. A lura da manufar: wa'azi ne, ba bincike ba. An ɗauki kusan shekara 150 kafin a fara yi wa tsaba wasu tambayoyi da suka wuce na wane ne wannan.

Me ya sa tsaba ta riga sauran kayan tarihi samun masana?

Saboda tana da yawa, ba ta ruɓewa, tana shiga aljihu, kuma tana magana. Gunkin marmara sai sarki ko Fafaroma ke iya mallakarsa, amma malami mai ƙaramin ƙarfi zai iya tara kwabban tagulla ɗari, ya aika wa abokinsa ɗaya a cikin wasiƙa su yi gardama a kai.

Ga yadda ake buga ta a da. Maƙeri yana sassaƙa zane a juye a kan ƙarfe biyu masu tauri. Ɗaya a kafe yake a uwar maƙera, ɗaya a hannu. A ɗora ɗan dunƙulen azurfa ko zinariya da aka riga aka auna a tsakaninsu, a sauke guduma. Bugu ɗaya ko biyu, fuska biyu sun fito. Tun ƙarshen ƙarni na 7 kafin Miladiyya, lokacin da aka fara buga kuɗi a Lidiya, yammacin Turkiyya ta yau, haka ake yi har aka shigo da injin.

Abin da ke kan fuskokin nan shi ne dukiyar. Tsabar sarakunan Rum tana ɗauke da hoton sarki da sunansa da muƙamansa, da sau nawa ya riƙe kowanne. Wasu muƙaman duk shekara ake sabunta su, saboda haka wanda ya iya karanta gajerun haruffan zai iya faɗin shekarar da aka buga ta. A bayanta kuma akwai gine-gine da gumaka da sanarwar nasara. Wata tsabar Nero tana nuna tashar jiragen ruwa ta Ostia da jiragen a ciki. Wata ta Titus tana nuna babban filin wasa na Kolosiyam cike da 'yan kallo, daga lokacin da yake sabo.

Turawa kaɗai ne suka yi wannan nazari?

A'a, kuma ba su ne na farko ba. A ƙasar Sin, zamanin daular Song, nazarin rubutun tagulla da na dutse ya riga ya zama fanni mai zaman kansa. Ouyang Xiu, wanda ya rasu a 1072, ya tara kwafin rubuce-rubuce kusan dubu, yana amfani da su wajen gyara kurakuran littattafan tarihi. A 1092 Lü Dalin ya tsara kundin tsoffin kayan tagulla fiye da 200, kowanne da zanensa da girmansa da kwafin rubutunsa, da inda aka same shi idan an sani, da wanda ke riƙe da shi. Turai ba ta kai wannan mataki ba sai bayan ƙarnuka. Zhao Mingcheng da matarsa, mawaƙiya Li Qingzhao, sun tara kwafi kusan 2,000, yawancin kayansu kuma ya salwanta a gudun hijirar da ya biyo bayan faɗuwar babban birni a 1127. A 1149 Hong Zun ya rubuta kundin tsabar kuɗi wanda har yanzu yana nan.

A duniyar Musulmi ma akwai. Al-Balazuri, a ƙarni na 9, ya ware babi kan tarihin kuɗi, ya kawo labarin gyaran da halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya yi, wanda a shekara ta 77 bayan Hijira ya fito da dinari mai rubutu zalla ba hoto. Al-Hamdani, a ƙarni na 10, ya bi kufan Yaman ya bayyana fadoji da madatsar ruwa ta Ma'arib da kaburbura, ya kuma kwafi haruffan tsohon rubutun Himyar. Abdullaɗif al-Bagdadi ya ziyarci Masar wajen 1200, ya siffanta dalolin Giza da kufan Memfis, ya yi tir da masu farfasa su don neman taska. Al-Maƙrizi, wanda ya rasu a 1442, ya rubuta risala ta musamman kan kuɗaɗen Musulunci. Damuwarsa ta zamaninsa ce, domin yana ganin yawaitar fulusan jan ƙarfe ne ya jefa Masar cikin tsadar rayuwa, amma malaman Turai sun ci moriyar risalar sosai bayan an buga ta a 1797.

Za a iya dogara da littattafan farko da aka buga a Turai?

Da taka-tsantsan. A 1517 Andrea Fulvio ya fitar da littafi a Rum mai hotunan mashahuran mutanen da, an zana su kamar tsaba. Inda akwai tsabar gaske ya bi ta, inda babu sai aka ƙago. Guillaume Rouillé na Lyon ya wuce nan a 1553, ya cika littafinsa da fuskokin mutanen da suka rayu tun kafin a san kuɗi a duniya, kowanne a cikin da'ira kamar daga ƙasa aka tono shi. Masu saye fuska suke so, an kuwa ba su.

Hubert Goltzius ya fi su haɗari domin ya fi su ilimi. Ya zagaya Turai tsakanin 1558 da 1560, ya lissafa ma'ajiyoyi fiye da 900 da ya ce ya ziyarta, zanensa kuma gwanin kyau. Sai dai a tsakanin na gaske ya cusa tsabar da ba wanda ya taɓa gani, malamai suka yi ta kwafarsu daga littafi zuwa littafi har shekara 200.

Wanda ya bi wata hanya dabam shi ne Bafaranshe Guillaume Budé. Littafinsa na wajen 1515 ba shi da ƙawar hotuna. Tambayarsa ita ce: idan marubucin Rum ya ce an sayi gida kaza ko an biya soja kaza, nawa ke nan? Ya ɗauki ma'auni ya auna tsoffin kuɗaɗe, ya gwada da abin da littattafai suka faɗa, ya juya lissafin zuwa kuɗin Faransa na zamaninsa. Littafin da wuyar karatu, yana yawan kauce hanya, amma a ganina shi ne ya fi cancanta a kira mafarin fannin.

Wai gaskiya ne an yi gardama kan ko kuɗi ne ma?

Gaskiya ne. Sebastiano Erizzo na Venis ya dage a 1559 cewa abu mai kyau haka, musamman manyan na tagulla, ba zai zama kuɗin cefane ba, lambobin girmamawa ne na tunawa da sarakuna. Enea Vico ya ce kuɗi ne da aka yi ciniki da su. Vico ne ke da gaskiya, kuma shaidar tana jikin kayan: sun goge saboda yawon hannu, nauyinsu yana bin tsari, ana kuma samunsu jibge a cikin tukwane kamar yadda mutum ke ɓoye ajiyarsa.

Jabu fa? Yaya suke gane shi?

Da aka fara biyan kuɗi mai tsoka a kan tsohuwar tsaba, sai maƙera suka ga kasuwa. Giovanni da Cavino na Padua, wanda ya rasu a 1570, ya sassaƙa sababbin ƙarafan bugu ya riƙa fitar da manyan kwabban sarakunan Rum. Ana saɓani kan ko yaudara ya nufa ko nuna gwaninta, amma kayansa sun shiga ma'ajiyoyi da yawa a matsayin na asali. Carl Wilhelm Becker, Bajamushe da ya rasu a 1830, shi kam galibi ana ɗaukarsa mayaudari. An ce yakan zuba sababbin kuɗaɗensa a akwati tare da garin ƙarfe, ya ɗaure a ƙarƙashin keken doki, ya yi tafiya da su har su goge su yi kamar sun tsufa.

Masana suka koyi duba gefen tsaba, domin wadda aka zuba a narke takan bar layin haɗi da ƙananan ramuka, saɓanin wadda aka buga. Suka koyi auna nauyi, da lura da siffar haruffa, da tsatsar da aka shafa da wadda shekaru suka gina. Akwai kuma jabun da ya fi wuyar kamawa: a ɗauki tsabar gaske ta sarki da aka saba gani, a sake sassaƙa sunan ya koma na sarkin da ba a cika samu ba. Masu jabu sun wahalar da fannin, amma su ne suka tilasta masa buɗe ido.

Tsakanin littafi da tsaba, wa ya fi gaskiya?

Antonio Agustín, babban limamin cocin Tarragona a Sifen, wanda aka buga littafinsa kan tsaba a 1587, ya bayyana cewa ya fi yarda da tsaba da duwatsu a kan abin da marubuta suka rubuta. Hujjarsa mai ƙarfi ce. Littafin Rumawa ya iso gare mu ta hannun masu kwafa bayan masu kwafa, kowa da kuskurensa, tsaba kuwa ita ce dai wadda aka buga a ranar.

Wani lokaci sukan gaskata juna. Marubucin tarihi Cassius Dio ya ce Brutus ya buga kuɗi mai wuƙaƙe biyu da hular 'yantaccen bawa don murnar kisan Yuliyas Kaisar. Ga tsabar nan ta 42 kafin Miladiyya, da wuƙaƙen da hular da ranar kisan a rubuce.

Amma wasu sun wuce gona da iri. Jean Hardouin, malamin Faransa da ya rasu a 1729, yardarsa da tsaba ta kai shi ga cewa kusan duk littattafan Girkawa da Rumawa jabu ne da wasu sufaye suka ƙirƙira a ƙarni na 13. Abin da irinsa suka manta shi ne tsaba ma bakin gwamnati ce. Tana iya shelar haɗin kan sojoji a shekarar da sojoji ke tawaye, ko zaman lafiya ana tsakiyar yaƙi. Shaida ce ta abin da mai mulki ya so a ji, ba lallai abin da ya faru ba.

Ta yaya kayan ke zuwa hannunsu?

Yawanci ta hannun manoma da magina. A Janairun 1506 wani mai gonar inabi a Rum ya ci karo da gunkin Laocoön, wani mutum na tatsuniyar Girkawa, da 'ya'yansa da macizai suka naɗe. Aka kira mutum biyu, Michelangelo da magini Giuliano da Sangallo, nan take aka gane shi ne wanda Pliny, marubucin Rum na da, ya siffanta, Fafaroma Julius na Biyu ya saye shi. Wannan ya yi sa'a. Marmara mai yawa a wuta ta ƙare, ana ƙona ta a yi farar ƙasar gini, abin da mai zane Raphael ya koka a kai a wasiƙarsa ga Fafaroma Leo na Goma.

Wasu kuma tafiya suka yi. Ciriaco na Ancona, ɗan kasuwa ne, ya bi Girka da tsibiranta da gaɓar Turkiyya da Masar yana kwafar rubutu yana zana gine-gine. Ya ga haikalin Parthenon na Atina a 1436, shekara 250 kafin fashewar albarushi ta rusa shi a 1687. Yawancin kundayensa sun ƙone a gobarar Pesaro ta 1514, amma abin da abokai suka kwafa ya adana rubuce-rubucen da duwatsunsu suka ɓace.

Labarin da aka fi maimaitawa shi ne na Jean Foy-Vaillant, likitan da ke farauto wa sarkin Faransa tsaba. 'Yan fashin teku na Aljeriya suka kama shi a 1674. Bayan an sake shi, yana hanyar gida sai ya hango wani jirgin da ya yi zaton na 'yan fashi ne, ya haɗiye tsabar zinariya kusan ashirin. Jirgin bai kama su ba, shi kuwa sai da ya yi haƙurin jiran ajiyarsa ta fito ta hanyar da aka sani. Mutumin ba abin dariya ba ne kawai: a 1681 ya tsara tarihin sarakunan Siriya magadan Iskandar daga tsabarsu.

Akwai misalin tono na farko da aka rubuta yadda ya kamata?

Kabarin Childeric, sarkin Faranka da ya rasu wajen 481. A watan Mayun 1653 wani magini da ke aiki kusa da cocin Saint-Brice a Tournai, Beljiyam ta yau, ya sara cikin zinariya. Akwai takobi mai ado, da ƙananan ƙwari na zinariya masu kama da ƙudan zuma, da tsabar zinariya fiye da ɗari, da zobe mai hatimi ɗauke da sunan sarkin. Zoben ya faɗi mai kabarin, tsabar kuma ta goyi baya, domin mafi sabunta a ciki ta sarki Zeno ce na Rum ta Gabas, wanda ya hau mulki a 474.

Jama'a sun wawashe wani ɓangare kafin hukuma ta iso. Abin da ya rage likita Jean-Jacques Chifflet ya bi shi ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka zana, ya buga a 1655. Kayan suka je Biyana, aka ba sarkin Faransa Louis na Sha Huɗu kyautarsu a 1665. A Nuwamban 1831 ɓarayi suka shiga ma'ajiyar tsaba ta Faris suka kwashe zinariya mai yawa suka narkar. Kaɗan aka tsamo daga kogin Seine, ciki har da ƙudan zuma biyu. Zoben ya tafi. Yawancin abin da aka sani yau game da kabarin daga zanen Chifflet ne.

Pompeii da Herculaneum fa, ba su ne mafarin tonon kimiyya ba?

Sun zama haka daga baya, amma farkonsu haƙar taska ce. Dutsen Vesuvius mai aman wuta ya binne waɗannan garuruwa na Italiya a shekara ta 79 Miladiyya. A 1709 masu haƙa rijiya suka faɗa kan gidan wasan Herculaneum, aka kwashe gumaka. A 1738 sarkin Naples ya sa injiniyan soja Alcubierre ya ci gaba, aka riƙa kutsawa ta ramuka a ƙarƙashin ƙasa mai tauri, a ciro abin da zai ƙawata fada, a mayar da ƙasa. Aikin Pompeii ya fara a 1748, ba a ma tabbatar da sunan garin ba sai da wani rubutu ya fito a 1763.

Johann Joachim Winckelmann, Bajamushen da littafinsa na 1764 ya fara jera fasahar Girkawa bisa salon kowane zamani, ya caccaki aikin. Ya ba da labarin haruffan tagulla da aka ɓalle daga bango aka zuba a kwando ba tare da an kwafi abin da suka faɗa ba. Wanda ya fita daban a cikin ma'aikatan shi ne Karl Weber, ɗan Suwizalan, da ya zana taswirar katafaren gidan da aka samu naɗaɗɗun takardu kusan 1,800 da suka zama gawayi, yana sa alamar inda kowane abu yake.

Tsari na gaske ya zo da Giuseppe Fiorelli a shekarun 1860. Ya raba garin unguwa-unguwa ya sa wa gidaje lamba, ya sa a riƙa tono daga sama zuwa ƙasa. A 1863 ya fara zuba farar ƙasa a ramukan da gawarwaki suka bari a cikin toka, siffar mutanen ta fito. Shi ma da nazarin tsaba ya fara.

Me ya sa ake kiran Eckhel uban fannin?

Domin ya share gida. Joseph Eckhel, wanda ya riƙe ma'ajiyar tsoffin kuɗaɗe ta sarkin Ostiriya a Biyana daga 1774, ya tarar ana jera tsaba bisa ƙarfenta da girmanta ko bisa haruffan suna, abin da ke raba kuɗin gari ɗaya zuwa akwatuna da yawa. Ya ɗauki shawarar Joseph Pellerin ya inganta ta: kuɗaɗen Girkawa da maƙwabtansu a bi su ƙasa-ƙasa, daga Sifen a nufi gabas a zagaye Bahar Rum, na Rumawa kuma a bi shekaru. Mujalladansa takwas sun fito daga 1792 zuwa 1798, shekarar da ya rasu. A ciki ya fitar da ƙagaggun Goltzius, ya ƙi karɓar tsabar da ba a iya nuna inda take ba. Manyan gidajen tarihi har yau da tsarinsa suke jera tsabar Girkawa.

Tsaba ta taimaka wajen karanta rubutun da aka manta?

Ƙwarai. Jean-Jacques Barthélemy, mai kula da ma'ajiyar tsaba ta Faris, ya warware rubutun Palmyra a 1754 da na Finikiyawa a 1758, ta hanyar gwada sunaye a rubutu mai harshe biyu. Irin wannan dabara ce Champollion ya bi a kan rubutun Masar a 1822.

A Indiya, James Prinsep ma'aikacin gidan buga kuɗi ne a Kalkata, aikinsa gwada ingancin ƙarfe. Sarakunan Girkawa da suka yi mulki a Afganistan da arewacin Indiya bayan Iskandar sun buga kuɗi da Girkanci a fuska ɗaya, rubutun gida a ɗayar. Sunan sarki irin Menander ba ya canzawa, saboda haka harafi bayan harafi rubutun Kharosthi ya buɗe. A 1837 ya kammala warware rubutun Brahmi, aka karanta dokokin sarki Ashoka da ke kan ginshiƙai da duwatsu. Su kansu sarakunan Girkawan nan, littattafai sun ambaci 'yan kaɗan ne, tsaba ta fito da gommai.

Dirhamin Musulunci kuwa ya buɗe wani babi. Yana faɗin garin da aka buga shi da shekarar Hijira a fili. Manoman Suwidin da Rasha da gaɓar tekun Baltik sun daɗe suna tono shi, tsibirin Gotland kaɗai ya ba da dubun-dubatai. George Jacob Kehr ya karanta wasu da aka samu kusa da Danzig ya buga a 1724, Christian Martin Fraehn kuma ya kafa fannin sosai a Saint Petersburg a farkon ƙarni na 19. Da aka ga Samarƙand da Shash (Tashkent ta yau) a rubuce, sai hanyar fatauci ta ƙarni na 9 da na 10 ta bayyana, daga tsakiyar Asiya ta kogin Volga zuwa ƙasar Vikin a arewacin Turai.

To zamanin da babu rubutu babu kuɗi, yaya suka yi da shi?

Sun daɗe suna lalube. Gatarin dutse da manoma ke tsinta, mutanen Turai sun ɗauka gatarin aradu ne da ke faɗowa daga sama. Michele Mercati, likitan Fafaroma da ya rasu a 1593, ya ce aikin hannun mutanen da ba su san ƙarfe ba ne, amma ba a buga littafinsa ba sai 1717. A Ingila William Stukeley ya auna Stonehenge, tsohuwar da'irar manyan duwatsu, da kyau, sannan a 1740 ya jingina shi ga bokayen Keltawa, alhali ginin ya girme su nesa ba kusa ba.

Mafita ta zo daga masu tsaba. A 1816 aka ba Christian Jürgensen Thomsen, ɗan attajiri mai tara kuɗaɗen da, aikin tsara tarin kayan tarihi na Denmak a Kopenhagen. Ya lura da abin da ake samu tare da abin da ba a taɓa samu tare ba a kabari ɗaya, da yadda ado ke sauyawa. Daga nan ya fitar da zamuna uku, na dutse da na tagulla da na baƙin ƙarfe, ya buga bayanin a 1836.

John Evans, mai masana'antar takarda a Ingila, ya nuna a 1849 cewa kuɗin zinariyar tsoffin mutanen Birtaniya kwaikwayo ne na kuɗin Filibus na Biyu na Makidoniya. Kowane maƙeri yana kwafar na gabansa, har kan gunkin ya koma ganye, keken dokin ya koma doki mai warwatsattsun gaɓoɓi, nauyi kuma yana raguwa. Da wannan ya jera su bisa zamani ba tare da kwanan wata ba. Shekara goma bayan haka shi da Joseph Prestwich suka je kwarin Somme a Faransa, suka ga gatarin dutse kwance a cikin tsakuwar da ke ɗauke da ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare, suka tabbatar da abin da Bafaranshe Boucher de Perthes ya daɗe yana faɗa ana yi masa dariya, wato mutane sun rayu a zamanin waɗannan dabbobi.

Idan an sami tsaba a wuri, ta faɗi shekarar wurin ke nan?

Ta faɗi rabi. Tsabar da aka tarar ƙarƙashin daɓen da ba a taɓa fasawa ba tana nuna cewa an yi daɓen bayan an buga ta. Ba ta faɗin bayan shekara nawa. Dinaren azurfa da Mark Antony ya buga don biyan sojojinsa a 32 zuwa 31 kafin Miladiyya azurfarsu ba ta da kyau, shi ya sa ba wanda ya damu ya narkar da su, suka yi ta yawo fiye da shekara 200.

Saboda haka tukunyar ajiya ta fi tsaba ɗaya daraja, muddin ba a warwatsa ta ba. Mafi sabunta a ciki ita ke nuna lokacin binnewa, gogewar sauran kuma tana nuna wadda ta riga wata. Da gwada irin waɗannan ajiyoyi Theodor Mommsen, a littafinsa na 1860, ya jera kuɗaɗen jamhuriyar Rum da ba su ɗauke da shekara.

A 1900 an sami wata tsaba a yammacin Faransa mai sunan wani sarki Domitianus na wajen 271, wanda ba a san ya taɓa hawa mulki ba. Wasu masana suka ce tsabar wani sarkin ce aka sake sassaƙawa, aka yi watsi da ita. A 2003 aka tono tukunya a Chalgrove kusa da Oxford, da tsaba kusan 5,000 da tsatsa ta manne su wuri ɗaya. Da masu gyara suka rarraba su, sai ga tsaba ta biyu mai sunan Domitianus a tsakiya, an buga ta da ƙarafan bugun da aka buga ta farkon da su.